Benci Ɗaya, Hanya Biyu

A kan benci ɗaya a sashen masu ciwon suga na kowane babban asibiti, ana samun mutum biyu da cutarsu ɗaya amma hanyarsu zuwa wurin likita ta sha bamban. Na farko ma'aikaci ne a birni. Tun daga gida ya biya kuɗin gwaji ta manhajar banki, sakamako ya shigo masa ta WhatsApp, ya tura wa likita ya duba. Ta biyu dattijuwa ce da ta baro ƙauye bayan sallar asuba, katinta naɗe cikin leda. Wayar da ke hannunta ƙarama ce mai maɓalli, ita ma ta ɗanta ce. Aka ce mata, "Baba, za a turo miki sakamako ta waya." Ta gyaɗa kai don kunya, ba don ta fahimta ba. Mako na sama sai ta sake biyan kuɗin mota ta zo karɓar takarda guda.

Babu mai hankalin da zai yi adawa da shigar kwamfuta asibiti. Duk wanda ya taɓa yini ana neman fayil ɗinsa a ɗakin kati ya san amfaninta. Matsalar ita ce ana tsara abin kamar kowa na da babbar waya, da data, da wutar caji, da karatun boko.

Tun 2015 da aka tilasta asusun bai ɗaya na TSA, kuɗin asibitocin tarayya ya koma bi ta dandalin biyan kuɗi na Remita da bankuna. Wanda bai iya ba sai ya nemi mai POS ko mai shagon intanet a bakin ƙofa, ya biya lada a kan kuɗin magani. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, mai asusun banki ya yi taransifa ya wuce, mai jinyar da ya saba sayar da akuya ya riƙo tsaba ya rasa yadda zai yi. A Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data.

Sannan sabis ɗin kansa ba shi da tabbas. A Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya aka haɗa da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Mai naƙuda a wannan lokaci ko kiran mai mota ba ta iya yi ba, balle ganin likita ta bidiyo.

Mata ne abin ya fi shafa, domin a gidaje da yawa wayar tana aljihun maigida, shi kuwa yana kasuwa ko gona. Matar da ke da larurar da ba ta son a ji, ta yaya za ta yarda a turo sakamakonta cikin wayar ƙanin miji?

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar fasaha. Lambobin USSD da ake tura kuɗi da su suna aiki a ƙaramar waya, za su iya ɗaukar ranar ganin likita. Saƙon murya da Hausa ya fi wa dattijuwar can amfani fiye da rubutu da Turanci. Kuma duk asibitin da ya buɗe shafin intanet, ya bar taga ɗaya da ma'aikaci zaune, wanda zai karɓi kati, ya buga sakamako a takarda, ya karanta wa majinyaci kafin motar ƙauyensu ta tashi.