Mata Da Aikin Akanta: Kira Ga 'Yan Arewa Mazauna Kudu

Ba shakka duk ƙasar da ke son ci gaba tilas ne ta sami amintattun mutane masu lura da shigar kuɗinta da fitarsu. Wannan shi ne aikin akanta, kuma tarihin Nijeriya ya nuna cewa mata sun daɗe da riƙe shi da kyau.

Tun 1963 Uwargida Olutoyin Olakunri ta ci jarrabawar ƙwararrun akantoci a Ingila, ta zama mace ta farko 'yar Nijeriya da ta kai wannan matsayi. A lokacin ma ba a kafa ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta ƙasa ba, watau ICAN, wadda sai a 1965 Majalisa ta yi mata doka. A 1978 mata akantoci suka kafa tasu ƙungiyar don ƙarfafa wa juna gwiwa. A 1989 marigayiya Bola Kuforiji-Olubi ta zama mace ta farko da ta shugabanci ICAN, bayan tun 1984 an naɗa ta shugabar hukumar daraktocin bankin UBA. Ita ma Uwargida Olakunri ta hau wannan kujera a 1994.

Matan nan ba su tsaya ga shugabancin ƙungiya kaɗai ba, sun shiga har inda ake tsara manufofin gwamnati. Ifueko Omoigui-Okauru ta riƙe Hukumar Tara Haraji ta Tarayya daga 2004 zuwa 2012, a zamaninta ne kuwa aka yi dokar 2007 wadda ta ba hukumar ikon cin gashin kanta. A 2023 Oluwatoyin Madein ta zama mace ta farko da aka tabbatar wa muƙamin Akanta-Janar na Tarayya. Arewa ma ba a bar ta a baya ƙwarai ba. Hajiya Zainab Shamsuna Ahmed, wadda ta karanta ilmin akanta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta shugabanci hukumar NEITI mai bin diddigin kuɗin man fetur da ma'adinai daga 2010 zuwa 2015, sa'an nan ta zama Ministar Kuɗi daga 2018 zuwa 2023.

To, amma ina 'ya'ya matan 'yan Arewa mazauna Kudu? Abin takaici ne a ce babban ofishin ICAN yana Ikko, makarantun koyon lissafin kuɗi sun cika Ikko da Badun da Fatakwal, amma yarinyar da aka haifa a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun sau da yawa takan tashi da farantin talla a ka. Wadda ta yi sa'ar shiga sakandare kuwa, akan cire ta tun ba ta gama ba. Wannan shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Hasarar da ke cikin haka a fili take. Dukiya mai yawa na ratsa hannun 'yan Arewa kowace rana a kasuwannin shanu, da na goro a Shagamu, da na tumatir da albasa a Mil Sha Biyu, da wuraren canjin kuɗi. Amma yawancin lissafinta a ka yake, ko kuwa a guntayen takardu cikin aljihu. Ranar da mai gida ya faɗi, ba wanda ya san abin da ake binsa ko abin da yake bi, sai rigima ta tashi tsakanin magada da abokan ciniki, marayu su tashi a tutar babu. Alhali kuwa aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka.

Bugu da ƙari, a da babu wanda ya yi zaton haraji zai bi ɗan tireda har cikin asusunsa na banki, amma sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025 sun ɗora nauyi mai yawa a kan ajiye lissafi. An yi wa ƙananan kamfanoni rangwame, sai dai wanda ba shi da littafin ciniki ba shi da hujjar da zai nuna cewa ya cancanta. Wa ya fi 'yar cikin gida dacewa da riƙe wannan littafi?

Hanya kuwa a buɗe take. ICAN tana da jarrabawar matakin farko da ake kira ATS, wadda yarinyar da ta ci jarrabawar fita sakandare da kyau za ta iya shiga, ta yi karatunta tana gaban iyayenta, ko ma tana ɗakin mijinta. Daga nan ne ake hawa zuwa babbar jarrabawa.

Saboda haka ya wajaba Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni su ware wani abu daga kuɗin ƙungiyoyinsu don biyan kuɗin jarrabawar 'yan mata masu ƙoƙari. Iyaye su bar 'ya'yansu su gama sakandare, masu neman aure kuma su yarda a ci gaba da karatu bayan biki, su kuma cika alkawari. Al'ummar da ba ta da nata masu lissafi, wasu ne za su yi mata lissafin, kuma wasu ne za su zauna inda ake yanke abin da za ta biya.