Ba kowace 'yar sarki ce princesa ba

Sarkin Sifaniya, Felipe na Shida, yana da 'ya'ya mata biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, amma ɗaya ce kawai fada ke kira princesa. Ita ce Leonor, wadda aka haifa ranar 31 ga Oktoban 2005. Ƙanwarta Sofia, haihuwar 2007, infanta ake ce mata. Mu kuwa idan muka tashi ba da labarinsu da Hausa, sai mu yi musu kuɗin goro mu ce gimbiyoyi. Abin yana damuna, domin a nan ne muke zubar da rabin labarin.

Asalin kalmar daga Latin ne, princeps, wato na farko. Tun shekarar 1388 ake bai wa magajin gadon sarauta muƙamin yariman Asturias, wani yanki a arewacin ƙasar. Mace ba ta samun sunan sai in ita ce magajiya, ko kuwa matar magajin ce, kamar yadda Letizia, mahaifiyar Leonor, ta same shi da aurenta da Felipe a 2004. Leonor ta gaji muƙamin tana shekara 8, lokacin da mahaifinta ya hau mulki a Yunin 2014. A Agustan 2023 ta shiga makarantar sojoji ta Zaragoza, ranar da ta cika 18 kuma ta yi rantsuwa a gaban majalisa. Wannan suna kaya ne aka ɗora mata. Abin takaici, sashe na 57 na kundin tsarin mulkin 1978 har yau yana fifita namiji: da an haifa mata ƙane, da ya karɓe kujerar. A ganina wannan ba adalci ba ne.

A wajen fada kuwa, kalmar ta kowa ce, kuma nan ne ta fi burge ni. Direban tasi zai ɗaga 'yarsa sama ya ce mi princesa, kaka ta ƙara mata zaƙi ta ce princesita, saurayi ya rubuta wa budurwarsa ita da sassafe. A Meziko, yarinya idan ta cika shekara 15 akan yi mata biki, a sa mata doguwar riga da kambi, ranar nan ita ce princesa ko da gidan haya take kwana. Talaka ya ari kalmar sarakuna ya ba ɗiyarsa, ban ga laifinsa ba ko kaɗan.

Sai dai harshe yana da ƙaya. Yarinyar da ba ta taɓa kwanon wanke-wanke, uwarta na iya jefa mata kalmar nan da gatse. Matasa ma sun ƙago princeso don tsokanar namiji mai son jiki. Wanda na fi ƙi shi ne na bakin titi: ƙato ya ga mace tana wucewa, bai san ta ba, ya ƙwala mata princesa. Wannan ba girmamawa ba ce, raini ne da aka shafa wa zuma.

Roƙona ga 'yan'uwana masu fassara da 'yan jarida: mu kira Sofia gimbiya, ya dace da ita. Leonor kuwa mu cika mata sunanta, mu ce gimbiya mai jiran gado.