Kafin Ka Buga Riyal Ɗinsa Zuwa Naira

Akwai wani lissafi da ya zama ruwan dare a majalisunmu na Digil da sauran unguwannin Mubi, kuma lissafi ne mai cutarwa. Da zarar an ce ɗan gidan wane ya samu aiki a Jidda ko Riyad, a ce ana biyansa riyal 1,500 a wata, sai ka ga wani ya zaro waya daga aljihu ya hau dannawa. Riyal 3.75 ne dala ɗaya, haka Saudiyya ta ɗaure kuɗinta tun 1986, ke nan dala 400. A buga da naira 1,500, ga naira 600,000 ta fito ɓaro-ɓaro a fuskar waya. Sai wayar ta yi ta yawo hannu zuwa hannu, kowa ya leƙa ya girgiza kai. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun Yulin 2024, ashe yaron nan na ɗaukar albashin mutum takwas da ɗoriya. Kafin a naɗe tabarma an gama raba kuɗin: wannan na gyaran ɗakin tsohuwa, wannan na auren ƙanwa, wannan na takin bana, ragowar kuma a ba kawu ya ƙara jari.

Ninkawar daidai take. Ɗebewa aka manta. Yaron nan ba a kasuwar Mubi yake cefane ba, ba keke yake hawa daga Lokuwa zuwa Sabon Layi ba, kuma mai gidan da yake haya bai san wata aba wai ita naira ba. Da riyal ake biyansa, da riyal yake ci, da riyal yake kwana. Abin da ya rage a hannunsa bayan wata ya mutu, shi kaɗai ya cancanci a buga shi zuwa naira, kuma sau da yawa in an duba sai a tarar kallon kitse ake yi wa rogo.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, in da akwai mutanen da bai kamata wannan lissafi ya ruɗe su ba, to mu ne. Mubi garin bakin iyaka ne. Da ƙuri'a ma iyayenmu suka zaɓi zama 'yan Najeriya a Fabrairun 1961, kuma har gobe dangi a rabe suke, wasu nan, wasu Garwa da Marwa. Yaro ƙarami a garin nan ya san sefa, ya saba ganin 'yan canji da damman kuɗi ɗaure da roba. A kan idonmu aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 kafin shekara ta zagayo. Ita kuwa sefa a ɗaure take da yuro, kusan 656 a kan yuro ɗaya, sai ta yi sama ta bar naira a ƙasa. Ɗan Kamaru ya tsallako ta Sahuda da 'yan sefarsa, ya ga komai ya yi masa araha, ya loda kaya ya koma. Amma tambayi ɗan Mubin da ke zaune a Garwa, wanda da sefar nan yake biyan haya da kuɗin takardar zama, ko shi ma yana ganin arahar. Waɗanda suka tsallaka da ƙafa a ƙarshen Oktoban 2014, lokacin da Boko Haram ta ci garin nan, ba sa buƙatar a gaya musu yadda kuɗi ke narkewa a hannun baƙo. Ruwan sha, wurin shimfiɗa, tuwon maƙwabci, duk abin da kake samu a gida ba tare da ka lura ba, a can sai ka saya.

Zaman baƙo ya fi na ɗan gari tsada a ko'ina, domin akwai kuɗin da ake biya don kawai a bar ka ka zauna. A Saudiyya doka ta ɗora wa mai ɗaukar aiki biyan kuɗin igama, wato takardar zama, da harajin ma'aikaci baƙo, kuma wanda ya dace da kafili mai tsoron Allah har ɗaki da abinci yakan samu. Sai dai ba kowa ne ke dacewa ba. Da yawa cikin 'ya'yanmu a hannun dillalai suka sayi biza, suna buga-bugarsu a gari, su ke tara kuɗin sabunta igama da guminsu su kai wa wanda sunansa ke kan takardarsu. Tun Yulin 2020 harajin saye da sayarwa a ƙasar ya tashi daga kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari. Tun wannan watan kuma duk baƙon da ya ajiye iyali yana biyan riyal 400 a kan kowane mutum ɗaya, kowane wata. Mata da 'ya'ya biyu riyal 1,200 ke nan, ba a yi maganar haya ba, ba a sayi ko ƙwayar shinkafa ba. Masu gulmar me ya hana wane ɗauke matarsa shekara da shekaru, ga amsarku nan.

Ku zauna da wanda ya dawo, bayan 'yan sannu da zuwa sun watse, ku ji yadda ake kwana. Ɗaki ɗaya, gadajen ƙarfe wani kan wani, kowa da akwatinsa a ƙarƙashi da ƙusar rataye riga. Ana haɗa kuɗi a sayi buhun shinkafa da kaji masu ƙanƙara, yau wannan ya dafa, gobe wancan. In zazzaɓi ya kama mutum ya sha fanadol ya fita aiki, don ranar da bai fita ba, babu. Bayan wannan ga bashin tafiya. Wani gona aka jinginar, wani shanu aka kai kara, wani adashin mahaifiyarsa aka kwashe aka ba dillali. Watannin farko, wani lokaci shekarar farko ɗungurungum, masu bashi yake yi wa aiki. 'Yan mata masu aikatau a gidajen Larabawa kuwa nasu labarin ya fi wannan ɗaci, wata rana za mu zauna kansa shi kaɗai.

In ana ganin talaucin ma'aikacin ne ya jawo haka, a duba abin da gwamnatocin Turai suka rubuta da hannunsu. A farkon 2025 Ingila ta ce ɗalibin da ke neman biza sai ya nuna yana da fam 1,483 na kowane wata in a Landan zai zauna, ko fam 1,136 a sauran garuruwa, na tsawon wata tara, ban da kuɗin makaranta. Jamus ta ce yuro 992 a wata, a kulle 11,904 a banki kafin a shigo. Wannan shi ne ƙiyasinsu na abin da zai riƙe ran mutum ɗaya, ba tare da wata sharholiya ba. A lokacin, fam 1,136 ya haura naira miliyan biyu. To wanda ka ji yana samun miliyan biyu da rabi a Ingila, kada ka ce attajiri ne. Mai rufin asiri ne, shi ma in bai yi rashin lafiya ba.

Iyayen ɗalibai su suka sha ɗacin wannan lissafi ta ɗaya ɓangaren, domin su da naira suke samu, da kuɗin waje suke biya. Uban da ya yi kasafin karatun ɗansa a 2022 ya wayi gari a 2024 abin da ya tanada bai kai rabin hanya ba. A watan Mayun 2024 ɗalibai 'yan Najeriya a Jami'ar Teesside ta Ingila suka yi zanga-zanga bayan an dakatar da karatunsu, wasu har an ce su bar ƙasar, saboda sun kasa cika kuɗin makaranta. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta zabge alawus ɗin ɗalibanta da ke karatu a ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Aljeriya daga dala 500 zuwa 220 a wata. Idan gwamnati mai rijiyoyin mai ta gaza riƙe alkawarinta, ina ga malamin firamare da ya tura ɗansa Masar ko Indiya da ƙarfin hali?

Yanzu bari in dawo kanmu 'yan gida, don a nan laifin ya fi yawa. Wayar ɗan ci-rani ba ta hutawa. "Hamma, an kore ni daga makaranta." "Hamma, wayata ta faɗa ruwa." Goggo ta aiko a gaya masa an sa ranar 'yarta, Bappa ya ce shi bai ga ko turare ba tun da aka tafi. Kowane mai roƙo yana ganin nasa ƙarami ne, ai dubu ashirin ba komai ba ce a wurinsa, ya manta su goma sha ne suka aika irin wannan saƙo a mako guda. Ran da ya ce babu, shi ke nan, ya zama marowaci, ya samu duniya ya manta asalinsa. Wannan zalunci ne, ko da da sunan zumunci aka yi shi. Zumuncin da ba ya tambayar ko ka ci abinci, sai dai yaushe za ka turo, a sake masa suna.

Ba ina cewa kada a aiko ba. Haƙƙin iyaye wajibi ne, kuma Bankin Duniya na ƙiyasta abin da 'yan Najeriya mazauna waje ke turowa gida da kusan dala biliyan 20 a shekara, kuɗin da ke riƙe da gidaje marasa adadi. Amma bankin ya nuna turo kuɗi zuwa ƙasashenmu na kudu da Sahara ya fi na ko'ina tsada, kusan kashi 8 cikin ɗari ke tafiya a hanya. Duk ƙaramin aiken gaggawa da muka tilasta masa, akwai rabon da masu tura kuɗi ke yanka.

Su ma 'yan ci-ranin ban wanke su ba. Kai ne ka tsaya jikin motar wani ka ɗauki hoto ka ɗora a Facebook. Kai ne ka zo hutun sallah da shadda mai maiƙo da agogo, kana raba sababbin kuɗi a ƙofar gida, alhali tikitin dawowarka bashi ne. Ka koya wa mutane cewa kana da shi, don me za ka yi fushi in sun tambaya? Mafi muni, ƙanenka da ke kallonka ya raina gonar da ke ciyar da gidanku, ya fara neman wanda zai sayi babur ɗinsa ya bi sahu. Kunyar faɗin gaskiya ta jefa yara da yawa hanyar Agadas.

Gyaran ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne. Mai shirin tafiya ya nemi wanda ke zaune a garin da zai je, ba dillali ba, ya tambaye shi kuɗin gado, abinci, mota, katin waya, magani da sabunta takardu, cikin kuɗin ƙasar, ya rubuta. Abin da ake biya sau ɗaya a shekara ya raba shi gida goma sha biyu, domin shi ne ke kayar da mutane, ana zaune ƙalau sai a ce igama ta ƙare. Ya ware kuɗin tikitin komowa gida ya manta da su, ko wa ya mutu ko wa ya yi aure. Ɗaliban da yaƙin Sudan ya rutsa da su a Afrilun 2023 sun ga amfanin 'yan daloli a ƙasan jaka. Sannan ya yanka wa gida abu ƙayyadadde a wata, ta hannun mutum ɗaya, kowa ya san adadin, kowa ya san ranar. Iya ruwa fidda kai, wanda bashi ya shaƙe a Jidda ba zai amfani kowa a Digil ba.

Iyaye, ku kuke da ikon tsayar da wannan abu, don ku ake jin kunya. Ku kira ɗanku ku tambaye shi nawa yake kashewa kafin ku tambaye shi nawa yake samu. In ya faɗa muku, ku tara 'yan'uwansa ku gaya musu abin da zai iya, ku hana kowa bin sa ta bayan fage. Malamanmu na Mubi kuma, kamar yadda kuke wa'azi kan haƙƙin iyaye a kan ɗa, ku ware Juma'a ɗaya ku yi magana kan haƙƙin wanda ke baƙunta a kan waɗanda ya bari a gida.