Sharhi: Kada kujerar Nijar ta zauna wayam a tarukan masu rubuta manhaja

A watan Agusta na 2019 birnin Akara na ƙasar Gana ya karɓi taron PyCon Africa na farko, wanda ya haɗa masu aiki da harshen kwamfuta na Python daga sassan nahiyar. Kafin nan Namibiya ta fara nata taron a 2015, Najeriya ta bi sahu a Legas a 2017. A watan Nuwamba na 2023 kuma aka yi DjangoCon Africa na farko a tsibirin Zanzibar. Ƴan sa-kai ne ke shirya waɗannan taruka, ɗalibai da malamai da ma'aikatan kamfanoni, kuma ƙofa a buɗe take ga duk mai sha'awa. Ra'ayinmu shi ne ya kamata matasan Nijar su riƙa zuwa, kuma idan sun je su hau mumbari su yi magana.

Wani zai ce me ya kai mutum kashe kuɗin jirgi, alhali ana ɗora yawancin jawaban a YouTube kyauta. Gaskiya ne ana ɗorawa, sai dai jawabi rabin taro ne. Sauran rabin yana faruwa a wajen cin abinci da kuma ranakun aikin gayya, inda sabon shiga ke zama kusa da wanda ya shekara goma a sana'ar, su gyara manhaja guda tare. A nan ake samun mai duba wa mutum aikinsa, a nan ake jin labarin gurbin aiki tun kafin a tallata shi. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Akwai dalili na biyu da ya shafi kowa, har wanda bai taɓa taɓa kwamfuta ba. Da Python ake gina galibin manhajojin fassara da na gane murya. Ƙungiyoyi irin su Masakhane da HausaNLP suna aikin koyar da na'ura harsunan Afirka, har da Hausa, kuma mafi yawan rubutun Hausa da ke intanet daga Najeriya ya fito. Mu a nan muna rubuta ƴa da ƴaƴa da harafi mai lanƙwasa, su kuma suna sa waƙafi a gaban harafin. Idan ƴar Maraɗi ta ce ta sayi ƙosai na dala ashirin, sefa 100 take nufi, amma na'urar da ta koyi Hausa a rubutun Kano za ta iya ɗauka kuɗin Amurka ne. Jika, lakwal, da likita a ma'anar asibiti, duk haka abin yake. Tunda kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, wannan ya wuce wasa. Wanda zai gyara irin wannan kuskure shi ne ɗan Damagaram ko ƴar Tawa da ke zaune a ɗakin da ake aikin.

Mun san matsalolin. Tikitin jirgi tsakanin biranen Afirka yana da tsada, kuma da Ingilishi ake gudanar da yawancin tarukan, alhali matasanmu da Faransanci suka yi karatu. Amma akwai hanyoyi. Manyan tarukan sukan buɗe neman tallafin tafiya watanni kafin ranar, tare da kiran masu son gabatar da jawabi. Wanda ya makara shi ke rasawa. Akwai kuma gajerun jawabai na minti 5, waɗanda duk mai ƙarfin hali zai iya yi ko da Ingilishinsa na dosawa ne. Ɗalibin da ya rubuta ƴar manhajar da ke tattara farashin hatsi a kasuwanni, ko wadda ke aiki ba tare da intanet ba saboda ɗaukewar wuta, yana da abin faɗa wanda ɗan Nairobi zai so ji.

Nauyin bai tsaya kan matasa kaɗai ba. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, da André Salifou ta Damagaram, da Djibo Hamani ta Tawa, za su iya ware ɗan abu kowace shekara domin ɗalibin da aka karɓi jawabinsa, da sharaɗin idan ya dawo ya tara ƴan uwansa ya juye musu abin da ya koyo. Kamfanonin sadarwa da bankuna, waɗanda su ne za su ɗauki waɗannan matasa aiki gobe, za su iya biyan tikiti biyu ko uku ba tare da sun ji a jikinsu ba. Cibiyar CIPMEN za ta iya haɗa masu bayarwa da masu nema. A cikin waɗanda za a tura, a tabbata akwai ƴan mata. Shirin Django Girls, da aka fara a 2014, ya nuna cewa horon yini guda kyauta na iya zama mafarin sana'a.

Tarukan cikin gida su ma a ƙarfafa su, kuma kada komai ya tsaya a Yamai. Ɗakin jami'a guda, da janareto, da intanet mai ƙarfi sun isa taron kwana biyu a Maraɗi, inda Katsina da Kano ba su da nisa. A yi jawabai da Hausa da Faransanci, a gayyaci maƙwabta. Wanda ya saba tsayawa gaban mutum talatin a gida ba zai ji ɗar ba gaban ɗaruruwa a Akara. Shirin taron baɗi kuwa, tun bana ake fara shi.