Raba Makarantun Maganaɗisu Shiyya-Shiyya A Amurka: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Duk wanda ya saba jin Amurka tana yi wa duniya huɗubar daidaito da haƙƙin ɗan Adam, ya kamata ya leƙa bayan gidanta ya ga yadda ake rabon ilimi tsakanin ɗan mai shi da ɗan mara shi. Ba sai an je nesa ba. Gundumar Montgomery ta jihar Merilan katanga ɗaya take da birnin Washinton, tana cikin gundumomin da suka fi arziki a ƙasar, kuma hukumar makarantunta ita ce mafi girma a jihar, da ɗalibai kimanin 160,000 da kasafin kuɗi na sama da dala biliyan 3 a shekara. Amma a cikin wannan daula, sama da kashi 40 cikin 100 na yaran makarantun 'ya'yan raunana ne waɗanda sai an ba su abincin rana kyauta ko a kan rangwame.

A shekarar 2025 shugaban makarantun gundumar, Thomas Taylor, wanda ya kama aiki a 2024, ya fito da wani shiri da ya ta da ƙura. Shirin shi ne a yanka manyan makarantun sakandare gida 6, kowane gida a kira shi shiyya, a sa wa kowace shiyya irin darussan musamman guda: kimiyya da lissafi, kiwon lafiya, fasahar zane da wasan kwaikwayo, shugabanci da aikin jama'a, sai kuma tsarin difloma ta duniya da ake kira IB. Yaro ba zai nemi shiga ba sai a cikin shiyyarsa. An tsara abin ya fara da waɗanda za su shiga aji 9 a 2027. Wai an yi haka ne domin adalci, domin ɗan talaka ma ya samu rabo. To amma duk mai hankalin da ya zauna ya dubi shirin da idon basira zai ga cewa an gano cutar, sai dai an rubuta maganin da ba nata ba.

MENE NE ASALIN MAGANAƊISUN?

Kafin a yi hukunci ya kamata mai karatu ya san inda aka faro. A 1954 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta ware makarantun baƙaƙen fata daga na farare. Kafin wannan hukunci, a ita kanta Montgomery babbar sakandare ɗaya tak aka yarje wa baƙar fata, wato Carver da ke garin Rockville, ginin da daga baya hukumar makarantun ta mai da shi hedikwatarta na tsawon shekaru. Doka ta faɗi, amma unguwanni ba su motsa ba, domin an daɗe ana rubuta wa a takardun sayar da gidaje cewa kada a sayar wa baƙar fata, kuma ba a yi dokar tarayya da ta haramta wariya a harkar gidaje ba sai a 1968. Tun da makarantar yaro tana bin adireshin ubansa ne, sai wariyar ta tuɓe rigar doka ta sa rigar unguwa.

A 1971 kotu ta amince a riƙa kwasar yara a motoci daga wannan unguwa zuwa waccan don a cakuɗa su. Farare masu hali suka yi bore, da yawa suka kwashe 'ya'yansu suka koma bayan gari. A 1974, a shari'ar birnin Detroit, kotun ta ce ba za a tilasta tsallaka iyakar hukumar makarantu da yara ba. Daga nan dabarar maganaɗisu ta yi kasuwa: a ɗauki makarantar da ke unguwar marasa galihu, a zuba mata darasi mai tsadar da babu irinsa a ko'ina, domin ya jawo yara daga nesa da ƙafarsu, kamar yadda maganaɗisu ke jawo ƙarfe. Haka aka yi a makarantar Montgomery Blair da ke Silver Spring a 1985 da sashen kimiyya, lissafi da kwamfuta, aka kuma buɗe sashen IB a Richard Montgomery da ke Rockville a 1987. Ke nan tun asali an ƙirƙiri maganaɗisu ne domin ya karya iyakar unguwa. Wanda ya zo ya ce zai gyara shi ta hanyar shata masa sababbin iyakoki, me ya bari na sunan?

TSOHON TSARIN MA BA WANKAKKE BA NE

Kada wani ya ɗauka cewa abin da ake son rushewa adalci ne tsantsa. Ko kaɗan. Sashen Blair yara kimanin 100 kacal yake ɗauka a shekara, a gundumar da kowane aji yake da yara sama da 10,000. Sashen ya yi suna a faɗin Amurka wajen lashe gasar kimiyya da lissafi, ana koyar da darussan da sai a jami'a ake ganin irinsu. Amma su wa ke zaune a kan waɗannan kujeru? Mafi yawansu daga 'yan unguwanni ƙalilan suke fitowa, inda iyaye suke da digiri a kan digiri da kuɗin biyan malamin gida. Baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka sun haura rabin ɗaliban gundumar, amma a cikin sashen sai an yi da gaske a ƙirga su. Makarantar Blair tana da ɗalibai sama da 3,000, galibinsu yaran unguwa, suna shiga ƙofa ɗaya da 'yan sashen, suna rabuwa a bakin aji. Makaranta a cikin makaranta ke nan.

Hukumar ba yau ta san da wannan ba. A 2016 wani kamfanin bincike mai suna Metis, wanda ita da kanta ta ɗauko, ya miƙa mata rahoto da ya nuna giɓin da ke akwai wajen shiga waɗannan darussa tsakanin jinsi da jinsi, da tsakanin mai hali da mara hali. Haka nan gaskiya ne gundumar tana da faɗi, kuma yaron da zai tashi tun duhun asuba ya yi doguwar tafiya a mota kullum, sau da yawa iyayensa ba sa ma cike takardar neman. Duk wannan zalunci ne, kuma wanda ya ce a bar shi yadda yake, ya goyi bayan zalunci.

TO INA AIBIN SHIYYA?

Na farko, a dubi taswirar da aka gabatar a 2025. An haɗa Blair a shiyya ɗaya da Walt Whitman da Bethesda-Chevy Chase, makarantun unguwannin da gida ɗaya yake kai dala miliyan ko fiye. An haɗa Richard Montgomery da Churchill da Wootton, su ma unguwannin masu hannu da shuni. Amma Paint Branch da Springbrook da Blake, na gabashin gunduma, inda baƙaƙen fata da baƙin haure, ciki har da 'yan Afirka, suke da yawa, an jefa su wata shiyyar da babu ko ɗaya daga cikin tsofaffin sassan biyu. Kennedy da Wheaton, waɗanda tun 2004 suke cikin haɗin gwiwar zaɓen makaranta tare da Blair, su ma an raba su da ita. Ma'ana, yaron Bethesda yana nan da damarsa ta neman sashen da ya shekara 40 yana ginuwa, shi kuwa yaron gabas da ke 'yan mil kaɗan daga Blair an rufe masa ƙofa, an ce ya jira sabon da za a gina masa. A da ƙofar ƙunci gare ta, amma a buɗe take ga wanda ya yi zarra. A sabon shirin adireshi ne zai fara yanke hukunci kafin a buɗe takardar jarrabawa. Wannan shi ne adalcin?

Na biyu, ilimi ba allon suna ba ne da za a buga guda 6 a kafa a bakin ƙofofi. Abin da ya sa Blair ya zama Blair shi ne malaman da suka daɗe suna koyar da lissafi mai zurfi da kimiyyar da ba kowane mai digiri ke iya ta ba, da ɗakunan gwaji, da tarin yaran da ke wasa ƙwaƙwalwar junansu. Darasin da yara 15 kawai ke iya ɗauka a cikin ɗaruruwa, idan aka warwatsa yaran gida-gida, sai a wayi gari kowane gida yana da 3 ko 4, shugaban makaranta kuwa ba zai ajiye malami saboda yara 3 ba. Darasin zai mutu a ko'ina, kuma inda zai fara mutuwa shi ne shiyyar raunana, domin a unguwar masu kuɗi iyaye suna da ƙungiya da lauyoyi da bakin da ake ji. Malaman lissafi da kimiyya kuwa ƙaranci suke a duk faɗin Amurka. Daga wace rijiya za a ɗebo su ninki-ninki cikin shekara 2?

Na uku, an taɓa gwada irin wannan. Hukumar ta riga ta buɗe sassan IB na yanki a Kennedy, Springbrook, Watkins Mill da Seneca Valley, domin rage cunkoson masu neman Richard Montgomery. Masu sukar shirin suna nuni da waɗannan sassa a matsayin shaidar cewa suna ɗaya ba ya nufin inganci ɗaya. Hankali zai ce a fara ɗaga waɗannan 4 su kai matsayin uwarsu, kowa ya gani da idonsa, sannan a yi maganar ƙari. Wanda bai gama ciyar da 'ya'ya 4 ba, ina shi ina ɗauko riƙon wasu gommai?

Na huɗu, kuɗi. Wannan hukuma ce a 2024 ta ce aljihunta ya yi ƙasa, ta ƙara yawan yara a aji, ta kuma rufe makarantarta ta intanet duk da kukan iyayen yara marasa lafiya da ke dogara da ita. Ita ce kuma ta dawo bayan shekara guda tana alkawarin sababbin sassa a kowace shiyya, da horar da malamai, da motocin jigila. Romon baka ba ya sayen na'urar gwaji. In kuɗi ya gaza, ɗan mai mota ubansa zai kai shi, ɗan wadda ke shara a asibiti da dare kuwa zai haƙura ya zauna inda yake. Ba banza ba ƙungiyar malaman gundumar da ta iyaye suka nemi a sassauta gaggawar nan.

INDA JAKIN YAKE

Babban abin takaici shi ne duk wannan hayaniya a kan aji 9 ake yin ta, alhali kuwa an gama rabon tun yaro yana aji 3 ko 4. Wanda ya gama aji 8 bai yi aljabara ba, ko an kawo masa sashen kimiyya ƙofar ɗakinsa ba zai iya shiga ba, in ma an tura shi ba zai ɗore ba. Wa ya hana shi aljabara? Firamaren da ake canza masa malami kowace shekara, da ajin da ya cika maƙil, da rashin wanda zai gaya wa uwarsa, da harshen da take ji, cewa akwai wani abu wai shi sashen masu hazaƙa. A maimakon a yawaita kujerun masu hazaƙa a firamare da ƙaramar sakandare, tun 2021 hukumar ta koma jefa ƙuri'a a tsakanin yaran da suka cancanta. Yaro ya yi ƙoƙari ya kai, sannan a ce makomarsa tana hannun canki-canka! Nan cutar take, nan ya kamata wuƙar tiyata ta sauka, amma da yake gyaran firamare aiki ne mai cin shekaru wanda ba ya kawo tafi da hoton jarida, sai aka zaɓi zana taswira.

Su ma iyayen da suka cika zauren taro suna kukan kada a taɓa Blair, sai a tambaye su: ina kuke duk shekarun da kujeru 100 suka zama gadon 'yan unguwanni kaɗan? Wanda bai ɗaga murya ba sai da wuta ta zo gemunsa, kukansa na kansa ne. Haka rikicin ya zama na giwaye biyu, jami'ai masu neman suna da iyaye masu tsaron rabo, ɗan raunana kuwa da sunansa ake faɗan amma ba a ba shi kujera a zauren ba.

Hanyar tana nan a fili ga mai son gaskiya. A bar tsofaffin sassan a buɗe ga duk yaron da ke da damar nema a da, a kuma faɗaɗa kujerunsu. A gina sababbi ɗaya bayan ɗaya, a fara da gabashin gunduma da sauran unguwannin raunana, kada a kafa allo sai malami da ɗakin gwaji da mota sun tabbata. A buga sakamakon kowane sashe duk shekara, makaranta-makaranta, domin kowa ya ga inda ake yi da inda ake rufa-ido. Sama da duka, a mai da ƙarfi kan lissafi da karatu a firamaren talakawa, a soke ƙuri'a ta hanyar samar wa duk wanda ya cancanta wuri.

Matashin da ke karanta wannan ya riƙe darasi guda: duk lokacin da masu mulki suka zo da kalmar adalci a baki da taswira a hannu, to a bar sauraron bakin, a dubi inda layin ya bi, a tambayi wa ya faɗa ciki, wa aka bari a waje. Rabon da aka yi wa ɗan mai shi tsoka, aka miƙa wa ɗan mara shi alkawari, ko an kira shi da sunan daidaito sau dubu, zalunci ne. Allah ya kyauta.