Tsoron da Ake Saya da Kuɗi, da Wanda Argungu Ba Za Ta Iya Sayarwa Ba

A watan Agustan 1969 kamfanin Disney ya buɗe wani gida a filin shaƙatawarsa na Kalifoniya, gidan da ba a gina shi don kowa ya kwana a ciki ba. Mutum zai biya kuɗi, a ɗora shi a kan kujera mai tafiya cikin duhu, fatalwowi na haske da madubi su yi ta bayyana a gabansa, sannan ya fito yana dariya. Sana'ar ta girmi Disney nesa ba kusa ba. Tun 1835 Marie Tussaud ta kafa gidan siffofinta na kakin zuma a Landan, kuma ɗakin da ya fi yin suna shi ne wanda aka jera kamannin kawunan waɗanda aka fille a juyin juya halin Faransa. A shekarun 1970 kuwa, ƙungiyoyin matasa a Amurka suka mai da gidajen fatalwa hanyar tara kuɗin taimako a ƙarshen kowane Oktoba.

Abin da mai shiga yake saya shi ne faɗuwar gaba tare da tabbacin cewa ƙofar fita tana nan. Jiki ya firgita, hankali kuma ya san wasa ne.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan ciniki. Duk wanda ya taɓa tsayawa a da'irar gardi a ranar kasuwa, ya ga kura da takunkumi tana jan sarƙa, ya ja da baya sannan ya sake matsowa ya jefa kuɗi, ya riga ya sayi tsoro. A Argungu ma, wani ɓangare na armashin bikin kamun kifi, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, shi ne sanin cewa akwai kada a Matan Fada, kuma dubban masunta sun faɗa ruwan bisa amincewa da Sarkin Ruwa. Bambancin kawai, haƙoran kurar gardi na gaske ne.

Tun da UNESCO ta sanya bikin cikin al'adun gado na duniya a 2016, tambayar da ke gaban masu tsara yawon buɗe ido a Birnin Kebbi ita ce abin da zai riƙe baƙo bayan an auna kifi. Mai neman amsa cikin gaggawa zai iya kallon Gidan Tarihi na Kanta: tsohuwar fada, ɗakuna masu duhu, masu da takubba da layu, ga kuma kaburburan sarakuna. A idon ɗan kasuwar Amurka, gidan fatalwa ne da aka gama ginawa.

Wannan kuskure ne. Kabari wurin addu'a ne, kuma zuriyar waɗanda ke kwance a wurin tana raye, tana sarauta. Bayan haka, gidan fatalwa yana cin kasuwa ne inda mai saye ya daina ɗaukar fatalwa da gaske. A ƙasar Hausa aljani ba tatsuniya ba ne: yana cikin aƙida, ana yi wa marar lafiya ruƙiyya saboda shi. Wanda ya sanya wa ɗan wasa kayan aljani a ɗaki mai duhu, ko dai ya ɓata wa malamai rai, ko ya aika wata yarinya gida da ciwon da ba ta zo da shi ba.

Akwai wanda za a iya sayarwa ba tare da an taɓa imanin kowa ba, wato Dodo. Kowane yaro ya san shi daga bakin kakarsa, kowane babba ya san ƙarya ne, kuma tatsuniya ta tanadi komai: kogon dutse, ƙofar da ba ta buɗuwa sai da waƙa, da Gizo mai wayon tsira. Rumfa ɗaya a filin biki ta isa gwaji.

Sai dai rumfar kada ta zama ta zana da ciyawa mai ƙofa ɗaya. A watan Mayun 1984 gobara ta tashi a gidan fatalwa na filin Six Flags a jihar New Jersey, matasa takwas suka mutu cikin lungunan da aka tsara musamman don mai shiga ya kasa gane hanya.