SHARHIN JARIDA: Sayen kayan kwamfutar ofis, a daina cinikin biri a sama

Tun da Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya ya tsayar da ƙarshen shekarar 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su rabu da fayil ɗin takarda, aikin gwamnati ya ƙara jingina a kan wani ɗan akwatin ƙarfe da bai fi tafin hannu ba, wanda mafi yawan ma'aikata ba su taɓa sa shi a ido ba. Shi ne faifan ajiyar bayanai da ke cikin kwamfuta, wanda 'yan kasuwa ke kira had-disk. A cikinsa ake zuba sunayen masu karɓar albashi, da takardun ƙarin girma, da lissafin fansho, da wasiƙun da ake buga wa hatimin sirri. Ana cikin haka kuma kamfanin Microsoft ya janye kulawarsa daga Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoban 2025, abin da ya sa ofisoshi da dama suka shiga neman sabbin injina ko yi wa tsofaffin kwaskwarima. Kasuwa ta buɗe ke nan. Tambayar da ba a cika tsayawa a yi ba ita ce, daga hannun wa ake sayo waɗannan kaya?

Duk wanda ya yi aiki a Sakatariyar Tarayya ya san yadda lamarin ke tafiya. Kwamfutar darakta ta ƙi tashi da safiyar Litinin, ga taro da ƙarfe sha biyu, sai a ciro kuɗi daga na kashewar yau da kullum a tura hadimi ko masinja zuwa Banex da ke Wuse 2. Ya dawo da kaya a leda da rasidin da aka rubuta da biro, babu lambar shaidar kayan, babu maganar garanti. Idan sayayyar ta yi nauyi har ta kai ga kwangila, sau da yawa kamfanin da ya kawo labule bara shi ne zai kawo manyan kwamfutocin ajiya bana, kuma takardun farashi uku da doka ta nema a gwada, ba mamaki daga aljihun tebur guda suka fito.

Akwai wani abu da ya kamata kowane jami'in saye ya riƙe. Kamfanoni uku ne kacal suka rage a duniya da ke ƙera faifan ajiya mai juyawa: Seagate da Western Digital na Amurka, sai Toshiba na Japan. Ambaliyar da ta shafe masana'antun ƙasar Tailan a 2011 ta nuna irin ƙarancin hanyoyin, domin cikin 'yan makonni farashi ya yi tashin gwauron zabi a duk duniya. Ko kwamfutar da aka haɗa a cikin gida, irin wadda Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 003 na 2017 ya ce a fifita wajen saye, idan faifai mai juyawa ne a cikinta to daga ɗayan ukun nan ya fito. Tunda masu ƙerawa kaɗan ne, kuma da dala ake shigo da kayan, babu wata ɓoyayyar hanya da za ta sa wani shago ya sayar da sabon faifai a rabin kuɗin da sauran ke sayarwa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Inda aka ga irin wannan araha, akwai abin da mai kayan ya sani wanda mai saye bai sani ba.

Abin da ya faru a Jamus a farkon 2025 ya isa misali. Mujallun fasaha na kamfanin Heise sun bankaɗo cewa mutane da dama sun sayi faifan Seagate a matsayin sabo daga sanannun shagunan intanet, daga baya suka gano cewa an riga an yi aiki da shi na dubban sa'o'i, wasu ma fiye da 20,000. Shekara guda sa'o'i 8,760 ce, ke nan faifan ya yi sama da shekara biyu yana juyawa dare da rana kafin a goge shi, a sake masa leda. Masu wannan aiki sun mayar da ma'aunin lafiyar faifan, wanda ake kira SMART, zuwa sifili, kamar yadda dillalin mota ke mayar da mitar tafiya baya. Abin da ya tona asirin shi ne wani kundin lissafi na biyu da kamfanin ya ɗora a cikin faifan, mai suna FARM, wanda ba su goge ba. Seagate ya ce ba daga hannunsa kayan suka fito ba, ya kuma shawarci jama'a su riƙa saye daga dillalan da ya amince da su. In har haka za ta faru a ƙasar da dokar kare mai saye ke da haƙori, babu dalilin da zai sa a ɗauka kwantenar da ta sauka a Apapa ta tsira.

A ɓangaren filash da katin ajiya da sabon nau'in nan na SSD, zambar wata iri ce. Ana ɗaukar na'ura mai ƙaramin ciki a koya mata ƙarya, ta riƙa gaya wa kwamfuta cewa tana ɗaukar terabait guda ko biyu. Za ta karɓi fayil, ta nuna sunansa, mai aiki ya tashi da kwanciyar hankali. Da zarar ainihin cikin ya cika, sai sabon abu ya riƙa danne tsoho, ko ya tafi inda babu komai. Ba a ganewa sai ranar da aka zo buɗe fayil ɗin. Sai dai a yi wa mai gaskiya adalci: faifan terabait guda na ƙwarai yakan nuna kimanin gigabait 931 a Windows, saboda bambancin yadda masu ƙerawa da manhajar ke ƙirga. Wannan ba cuta ba ce, kuma an sha yi wa ɗan kasuwa rashin mutunci a kanta.

Dalilin da ya sa wannan jarida ta ware faifan ajiya daga sauran kayan shi ne, asararsa ba ta tsayawa a kuɗinsa. Cajar jabu ko batirin bogi na iya ƙona kwamfuta, musamman da irin wutar da ke zuwa tana ɗaukewa, amma ana iya sayen wata. Faifai idan ya mutu yana tafiya ne da abin da ke cikinsa. Tsohon ma'aikacin da ya taso daga Gusau ko Yola don bin haƙƙinsa, aka ce masa bayanansa sun ɓace ya dawo wata mai zuwa, bai san an rage naira dubu kaɗan wajen sayen wani ƙarfe ba. Shi dai ya san ya biya kuɗin mota, ya kwana a tasha. Kuma ko faifan da ya fi kowane inganci yana mutuwa, shi ya sa ofishin da ba ya ajiye kwafi na biyu a wani wuri daban, ko a rumbun Galaxy Backbone da gwamnati ta kafa don irin wannan aiki, bai gama sayayya ba ko da ya sayi mai tsada.

Ba a nufin a yi wa kasuwannin kwamfuta kuɗin goro. Banex a Abuja, da Computer Village a Ikeja, da Titin Beirut a Kano, cike suke da 'yan kasuwa masu riƙon amana da matasa masu gyara waɗanda ƙwarewarsu ta fi ta wasu da ke zaune a sassan fasaha na ma'aikatu. Wasu shagunan can ma dillalai ne na manyan kamfanoni. Haka nan kayan hannu ba haramun ba ne. Ma'aikacin da ke matakin albashi na takwas, wanda ke neman kwamfutar da ɗansa zai yi aikin makaranta, yana da cikakkiyar hujjar sayen ta hannu, muddin an gaya masa ta hannu ce kuma an yi masa farashinta. Laifin yana wajen sayar da tsoho da sunan sabo, da kuma ɗora bayanan jama'a a kan abin da ba a san tarihinsa ba. Shagunan intanet ma suna buƙatar irin wannan lura, domin a Jumia ko Konga sunan da ke saman shafi na mai rumfar kasuwa ne, kayan kuwa sau da yawa na wani ɗan kasuwa ne daban da aka rubuta sunansa da ƙananan baƙaƙe.

Tantancewar ba ta da wuya, kuma kusan kyauta ce. Kowane faifai yana da lambar shaida a jikinsa, kuma masu ƙerawa suna da shafin da ake shigar da lambar a ga ko garantinsa na nan da ranar da zai ƙare. Faifan da aka ce sabo ne amma garantinsa ya ƙare bara, ya riga ya faɗi shekarunsa. Wani lokaci kuma shafin kan nuna an yi shi ne don wata kasuwa ko an ciro shi daga cikin wani inji, ke nan kamfanin ba zai karɓe shi a nan ba. Manhajar CrystalDiskInfo na nuna sa'o'in da faifai ya yi yana aiki da wuraren da suka fara lalacewa, ita kuwa H2testw tana cika filash ko kati da bayanai ta sake karantawa don tabbatar da girmansa na gaskiya. Mai shagon da ya yarda a rubuta lambar shaida a rasidi, ya kuma yarda a gwada kayan a gabansa, ya riga ya ba da rabin amsar. Wanda ya fara cewa ai tsakaninmu ba sai an rubuta ba, ya ba da amsar gaba ɗaya. Ma'ajin sito da mai binciken kuɗi na cikin gida bai kamata su sa hannu a bocar biya ba sai lambar da ke takarda ta yi daidai da wadda ke jikin ƙarfen, kuma jami'in fasaha ya rattaba hannu cewa ya gwada.

Akwai jami'an da ke fakewa da cewa doka ce ta ɗaure su da mafi arahar farashi. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ba haka ta ce ba. Abin da ta tanada shi ne a ɗauki mafi sauƙin farashi daga cikin waɗanda suka cika sharuɗɗan da aka gindaya, don haka nauyin yana kan mai rubuta sharuɗɗan. Idan takardar neman kaya ta ce faifai mai terabait huɗu ta yi shiru, duk tarkacen da ya amsa wannan suna ya cancanta. Idan kuwa ta nemi shaidar dillanci daga mai ƙerawa, da shekarun garanti, da nau'in da aka yi don injin da ba a kashewa, masu kasuwancin jaka za su janye da kansu. Ita dai wannan doka ta haramta daddatsa kwangila don kauce wa tantancewa, ta kuma tanadar wa jami'in da aka samu da laifi ɗaurin da bai gaza shekara biyar ba babu zaɓin tara, tare da kora daga aiki. Ƙaramin jami'in da ake cewa ya sa hannu kawai, oga ya riga ya amince, ya tuna cewa sunansa ne a takardar.

Gwamnati ma tana da nata kason. Dillalin ƙwarai yana sayo kaya da dala, kuma tun da aka saki farashin naira a Yunin 2023 ya san irin asarar da jinkirin wata shida ke jawowa. Ma'aikatar da ta yi suna wajen riƙe kuɗin 'yan kwangila tana korar irin wannan dillali da hannunta, sai ta rage da wanda ya riga ya fanshe jinkirin ta hanyar kawo gwanjo a kwalin sabo.

Sai batun da aka fi mantawa da shi, wato inda tsohon faifan ke zuwa. A al'adar kasuwa, mai gyara kan riƙe wanda ya cire, wani lokaci ma a rage wa mai saye kuɗi a kansa. Goge fayil ko yi wa faifai fomat na gaggawa ba ya share abin da ke ciki, yaron shago mai manhajar dawo da bayanai zai iya fito da shi. A 2009 wasu ɗaliban aikin jarida daga Jami'ar British Columbia ta Kanada sun sayi tsohon faifai a Ghana kan dala 40, suka tarar da takardun kwangilolin tsaro na gwamnatin Amurka da kamfanin Northrop Grumman a cikinsa. A Satumban 2022 hukumar kula da hada-hadar hannayen jari ta Amurka ta ci bankin Morgan Stanley tarar dala miliyan 35, bayan kamfanin kwasar kaya da ya ɗauka ya sayar da tsofaffin faifansa masu ɗauke da bayanan kwastomomi, a lamarin da ya shafi mutum kusan miliyan 15. A nan gida, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shafi hukumomin gwamnati kamar yadda ta shafi kamfanoni, ta kuma wajabta sanar da hukumar NDPC cikin sa'o'i 72 idan bayanan jama'a suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da su. Hadimin ɗan majalisa ko na minista da ya bar tsohon faifan maigidansa a kan teburin mai gyara, ya bar masa wasiƙu da lambobin waya da jadawalin tafiye-tafiye. Manyan kamfanoni irin su Dell da HP suna da tsarin garanti da ke ba mai saye damar riƙe faifan da ya lalace maimakon mayar musu, kuma ɗan ƙarin kuɗinsa ya dace da duk ofishin da ke taɓa takardar sirri.

Hukumar NITDA tana tantance manyan ayyukan fasaha na ma'aikatu, amma ɓarnar ta fi yawa a ƙananan sayayya da ba sa kaiwa gabanta. Ya dace ita da Hukumar BPP su fitar da jerin dillalan da masu ƙerawa suka amince da su a Najeriya, su riƙa sabunta shi, tare da samfurin sharuɗɗa na shafi guda da kowane sashen saye zai iya kwafa. Ofishin Shugabar Ma'aikata kuma ya fitar da takardar umarni da za ta hana duk wani faifai barin harabar ma'aikata, ko don gyara ko don gwanjon tsofaffin kaya, sai an rubuta lambarsa a rajista, an share shi da manhajar da ta dace ko an farfasa shi a gaban shaidu biyu.